YouTube TV ko Sling, wanne ya fi wa mai kallon wasannin jami'o'in Amurka?

Gaskiya in kana Amurka kuma kwallon jami'o'i ce damuwarka, a cikin wadannan manhajoji biyu na kallon talabijin ta intanet YouTube TV ya fi cika, akwai tashoshin ESPN, Fox, CBS, NBC, ga Big Ten Network da SEC Network duk a kunshi daya, kuma ranar Asabar da wasa ke cin karo da wasa zaka iya raba sikirin gida hudu kana kallo lokaci guda. Rikodin ma ba iyaka, yana ajiye maka har wata 9. Matsalar kudi ne kawai, a Janairun 2025 suka kai shi dala 82.99 a wata, wallahi ba kadan bane.

Sling kuwa araha ne amma sai ka yi lissafi. Kunshinsa na Orange ne ke da ESPN, shi kuma na'ura daya tak yake yarda a kalla, FS1, tashar wasanni ta Fox, na cikin kunshin Blue, SEC Network sai ka kara kudin karin kunshin Sports Extra. Babban abin haushin babu CBS kwata-kwata, to in March Madness, gasar kwallon kwando ta jami'o'i, ta zo a watan Maris wasannin CBS sun wuce ka sai dai ka nemo CBS ta wata hanya, kamar ka sa eriya. Ni dai a kakar wasa YouTube TV nake biya, ana gamawa in yanke.