Modem ɗin USRobotics 56K: ya yi mini amfani a wasa, amma ba ta hanyar da kwalinsa ya nuna ba

Saboda wasa kawai na sayi modem ɗin USRobotics 56K na waje, wato na'urar da ke sada kwamfuta da layin tarho, irin wanda ake ajiyewa a gefe a haɗa shi da kwamfuta ta kafar siriyal, a lokacin da intanet ɗin gida a Kano ta layin tarho ake samunta. Kafin shi ina amfani da wani mai araha da ake sokawa cikin kwamfuta. Irin waɗannan ba su da ƙwaƙwalwar kansu, kwamfutar suke ɗora wa aikinsu, ga shi wasan ma yana neman ƙarfinta. Da faɗa ya yi zafi a Counter-Strike sai hoto ya daskare, kafin ya dawo an riga an gama da kai. Na wajen nan shi ke yin aikinsa da kansa, kuma tun a nan na ga bambanci.

Lambar 56K da ke jikin kwalin kuwa, wato gudun da aka ce yana yi, kada ta ruɗe ka. Tsarin V.90 da aka amince da shi a 1998 wajen sauko da bayanai kawai yake kaiwa kusa da haka, wajen tura su kuwa ba ya wuce 33.6K. Shi ma sai layinka na da tsabta. Namu kuwa a lokacin in ka ɗaga kan tarho ƙara kake ji, musamman da damina idan ruwa ya shiga mahaɗar wayoyi. Modem ya kama gudun da layin ba zai iya ɗauka ba, sai ya riƙa tsayawa yana sake daidaita kansa, kuma wannan tsayawar ce ke kashe wasa, ba ƙarancin gudu ba. Kamar jaki ne da aka labta wa kayan da suka fi ƙarfinsa.

Abin da ya sa nake yabonsa shi ne yana barinka ka ba shi umarni. Da umarnin &U da &N na ƙayyade wa gudunsa iyakar ƙasa da ta sama, na sauke shi zuwa 33,600, wato 33.6K. Na sa &K0 na kashe matse bayanai, tunda na wasa ƙanana ne, matse su jinkiri kawai yake ƙarawa. Umarnin ATI6 kuma yana nuna maka yawan kurakuran da aka samu da dalilin yankewar layi. Ban da wannan, na cire tarho na biyu da ke falo, na gajarta wayar bango. Fitilun gabansa ma suna da amfani: in RD, fitilar da ke nuna shigowar bayanai, ta daina ƙiftawa, ka san daga can ne abin ya tsaya, ba daga kwamfutarka ba.

Akwai abin da ya fi ƙarfinsa. A lokacin yawancin kamfanonin intanet namu ta tauraron ɗan'adam suke fita waje, wanda ke nisan kusan kilomita 36,000, kuma zuwa da dawowa kaɗai ya kai rabin daƙiƙa. Da irin wannan jinkiri ba ka da ta cewa a gaban ɗan Turai a wasan harbi. Inda na more shi sosai shi ne Age of Empires II, da yake yana ba da damar kiran modem ɗin aboki kai tsaye ba tare da intanet ba. Ni a gida, shi a unguwarsu, wasa na tafiya sumul har kuɗin tarho ya tuna mana da lokaci.

A lokacin ya fi na cikin kwamfuta tsada, kuma yana da adaftar wutarsa daban, saboda haka a haɗa shi da UPS, na'urar da ke riƙe wuta, in ba haka ba ana ɗauke wuta layi ya tafi. Wanda aka kawo masa daga Amurka ya duba adaftar kafin ya jona, don ta wutar 110 ce, tamu kuwa 230.