Hattara da mai tallan kayan Arduino a WhatsApp

Salamu alaikum ƴan'uwa na Damagaram, musamman ɗalibai masu haɗa ƴan na'urori.

Akwai wani mutum da ke tallan kayan Arduino (ƙaramin allon lantarki da ake loda wa umarni ya sarrafa na'ura) a zaurukan WhatsApp, wai daga Kano yake kawo su, farashinsa ƙasa da na kowa. Sharaɗinsa ɗaya: a tura kuɗi duka, kaya su biyo mota. Ni da ƙanena mun faɗa hannunsa. Injin ƙyanƙyasar ƙwai muke haɗawa a gida, nan Sabon Gari, muka tura masa jika 30. Sati uku kullum maganarsa ɗaya, direba ya taso.

Da kwalin ya iso sai jikina ya yi sanyi. DHT22 muka biya, farin nan mai auna zafi da laima, ya saka mana DHT11 shuɗi. Wanda bai sani ba zai ce duk ɗaya ne. Shuɗin yana iya kuskuren digiri 2, farin kuwa rabin digiri, alhali ƙwan kaza zafin wajen digiri 37.5 yake so har kwana 21. Digiri 2 ya isa ya kashe ƙwai da yawa. Servo ɗin, wato ƙaramin injin da zai riƙa juya ƙwan, an manna masa takardar MG90S, muka kwance, haƙoran ciki na roba ne, alhali na MG90S na ƙarfe ne. Batura 18650 da muka saya saboda ɗaukewar kuran an rubuta musu 9900 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa), ba su da nauyi ko kaɗan, na ƙwarai ma a wajen 3500 suke tsayawa. Allon Arduino Nano kuma guntun ƙwaƙwalwa ATmega168 ne a kansa maimakon ATmega328P, rabin ma'ajiya ke nan.

Ba kwafi nake kuka da shi ba. Yawancinmu kwafin Arduino na Sin mai CH340 (guntun da ke haɗa allo da kwamfuta ta USB) muke aiki da shi, kuma yana yi. Abin da ya ƙona min rai shi ne ƙanena ya yi wata biyu yana tara kuɗin nan.

Da na yi magana ya toshe lambata. Shekaranjiya na ga hotunan tallansa nan dai a wani zaure, da sabuwar lamba da sabon suna.

Don Allah kada ku biya sai kaya na hannunku. Ku je da kwamfuta, ku karanta rubutun kan allon, ku loda Blink, ɗan shirin gwaji na Arduino, ku ga fitilar ƙafa ta 13 tana ƙiftawa. Wanda ya riga ya tura masa kuɗi ya adana rasit da saƙonnin, ya neme ni, ranar Litinin za mu kai ƙara wurin ƴan sanda tare.