Gargaɗi ga masu manyan motoci: ana sayar da fayif ɗin injekta mai walda da sunan sabo

Assalamu alaikum. Wannan saƙo na masu tirela da tifa da tanka ne, da direbobinsu, da duk wanda ake aika sayen kayan gyara. Abin da zan faɗa a kaina ya faru, kuma yaron motata ne ya ɗanɗana kuɗarsa da hannunsa.

Motata Howo ce mai silinda shida. Direbana ya kira ni ya ce, "Alhaji, fayif na huɗu yana gumi a wuya, gas na tsattsafowa." Yana nufin fayif ɗin injekta, wato bututun ƙarfen da ke kai gas daga famfon mai zuwa injektan da ke fesa shi cikin silinda. Na ce tunda ɗaya ya gaji, a canja saitin gaba ɗaya. A wani zauren WhatsApp na 'yan harkar mota na ga wani yana ɗora hotunan fayif shida a jere, cikin leda, da lambar kamfani a manne. Farashinsa ya yi ƙasa da na kasuwa sosai. Da na tambayi dalili sai ya ce, "Ranka ya daɗe, kwantena ce ta shigo mana kai tsaye, babu dillali a tsakani." Na tura kuɗi, ya aiko da kayan ta tasha. Sun iso suna sheƙi, aka ɗaura su cikin gaggawa saboda lodi na jira. Laifina a nan shi ne ban sa an duba ba, na yarda da leda da takarda.

Ba a yi kwana goma ba, motar na ɗauke da masara za ta kudu, tsakanin Lambata da Bida da dare, injin ya fara tsallake, warin gas ya cika kan motar. Suka tsaya, suka ɗaga kan motar, injin na aiki. Yaron mota, wanda bai wuce shekara ashirin ba, ya kai hannu yana laluben inda yake yoyo. Ya ce ji ya yi kamar ƙaya ta soke shi a ɗan yatsa. Ramin bai fi na allura ba, ko jini bai fito ba sosai, sai ya goge a wando. Kafin asuba hannun ya kumbura har wuyan hannu, yana kuka. A asibiti sai da likita ya tsaga tafin hannun ya wanke gas ɗin da ya shige cikin nama. Ya ce da an ƙara jinkiri da yanke yatsan za a yi.

Da aka jawo motar gida, tsohon bakanikenmu ya kwance fayif ɗin ya goga masa sanfefa. Fenti ruwan azurfa ya fita, sai ga rawayar tagulla ta bayyana a zagaye da wuyan. Ya sa zarto ya yanka wurin, muka ga ramin ciki ya kusa toshewa da ƙurar walda. Cikin shida, huɗu haka suke. Tsofaffi ne da aka tsinto a bola, aka liƙe tsagar da wutar gas, aka goge da fayil, aka fesa fenti, aka sa a leda. Nozul biyu ma, wato bakin injekta mai feshin gas, sun lalace a dalilinsu.

Ina so duk mai mota ya fahimci dalilin da ya sa wannan fayif ba a gyara shi, don da rashin sanin nan suke cin mu. Tayar tirela da kuke ganin ƙarfinta, iskar cikinta wajen 8 ce a ma'aunin matsi da ake kira bar. Man da ke bi ta fayif ɗin injekta a injin mai tsohon famfo matsinsa yana kai ɗaruruwan bar, wani har ya haura 1,000. A sababbin injina masu kwamfuta, waɗanda ake kira kwaman rel, matsin yana kai 1,600 zuwa 2,500. Kuma a injin mai tsohon famfo matsin ba a tsaye yake ba, bugu yake yi. Idan injin na juyi 1,800 a minti, kowace silinda tana karɓar mai sau 900 a minti ɗaya, wato sau 15 a daƙiƙa. Tafiyar awa goma ta zama bugu 540,000 a kan ƙarfe ɗaya. Shi ya sa ake ƙera shi da ƙarfe mai kauri wanda ba shi da ɗinki ko kaɗan, kan nasa kuma inji ne ke matse shi daga jikinsa, ba haɗawa ake yi ba. Da zarar an kai masa wuta, ƙarfen ya yi laushi a gefen waldar, nan ne zai sake tsagewa.

Abin da ya fi tsagewar illa shi ne ƙurar da walda ke bari a ciki. Daga fayif ɗin nan sai nozul, babu wata babbar filta a tsakani da za a dogara da ita, ramukan nozul kuwa wajen milimita 0.2 ne ko ƙasa da haka. Ɗan ɓarɓashi ya isa ya toshe rami ko ya hana allurar cikin nozul ɗin zama. Nozul ɗin da ya daina feshi ya koma zuba, shi ke ƙona kan fistin, daga nan sai sauke inji. Sannan a injin mai tsohon famfo, fayif shidan nan tsawonsu ɗaya ne, shi ya sa za ka ga na kusa an lanƙwasa shi ana zagaye da shi. Wanda ya yanke ya haɗa ya taɓa lokacin da mai ke isa silindar.

Akwai layukan da ake gyarawa, ban hana ba. Tiyon da ke kawo gas daga tanki zuwa filta, da ƙaramin layin da ke mayar da ragowar mai, matsinsu kaɗan ne, a canja wasa (zoben da ke hana yoyo) ko a yanke tiyo a ɗaure ba komai. Mai son cutar ka da wannan zai kafa maka hujja, ya ce ai kullum ana yi. Masu injin Caterpillar irin 3126 da C7 su ma su kula, domin nasu injektan baƙin mai ne ke tura shi da matsin da ke haura bar 200, layin man nan shi ma ba na faci ba ne.

Kafin ka biya, riƙe fayif ɗin a hannunka. Sabo yana zuwa da murfin roba a baki biyu, jikinsa sumul, launinsa na ƙarfe ne da aka yi wa rufi, ba fenti mai ɓarewa da farce ba. Bi shi da yatsa daga kai zuwa kai, ka ji ko akwai tudu ko sawun fayil, musamman kusa da wuya da wurin lanƙwasa. Dubi noti, in sifana ta taɓa cin gefensa za ka gani. Dubi kan da ke zama a kan injekta, wanda aka taɓa ɗaurawa yana da zobe mai haske a zagaye. In ka yi shakka, goga sanfefa a gaban mai shagon. Mai gaskiya ba zai hana ka ba. Bayan an ɗaura, ka tsaya a mayar da duk kilif ɗin da ke riƙe su, domin girgiza ce ke fara tsaga su idan an bar su suna rawa.

Na kira mutumin da ya sayar mini da kayan. Da farko ya ce bakanike ne ya matse noti fiye da kima. Da na tura masa hoton tagullar sai ya toshe lambata, ya fice daga zauren. A lokacin na lura sunan da ke kan asusun da na tura wa kuɗi daban yake da wanda yake amfani da shi. Na kai ƙorafi banki da wajen 'yan sanda, kuma ina roƙon shugabannin NARTO, ƙungiyar masu motocin sufuri, da NURTW, ƙungiyar ma'aikatan sufurin mota, su sanar da wannan a tashoshi, hukumar SON mai kula da ingancin kaya kuma ta leƙa inda ake wannan fenti.

Direbobi, don Allah ku gaya wa yaranku: ba a neman yoyon gas da hannu inji na aiki. A kashe, a ba shi mintuna matsin ya sauka kafin a taɓa noti. In ya soki wani, komai ƙanƙantar ramin, a tafi asibitin da ake tiyata a daren, a gaya wa likita gas ne mai matsi ya shiga.

Yaron yana gida yanzu, an cire zare, amma yatsan bai fara lanƙwasuwa ba. Duk wanda ya sayi saitin fayif ta waya a 'yan watannin nan, ya sa a goga masa sanfefa kafin motar ta sake ɗaukar lodi.