Kyamarar tsaro a shago: wadda za ka saya a Damagaram, da wadda za ka bar wa mai ita

Duk ɗan kasuwar da ya shiga shagunan kayan lantarki a Damagaram ya ce yana neman kyamarar tsaro, iri huɗu za a baje masa a kan tebur. Akwai 'yar ƙaramar nan mai aiki da wifi, wadda wani lokaci ma a siffar ƙwan fitila take zuwa. Akwai mai allon hasken rana da ake sa wa sim a ciki. Akwai kyamarorin waya da ake haɗawa da akwatin ajiya mai suna DVR, sai kuma na baya-bayan nan masu akwatin NVR. Mai sayarwa zai yabi wadda ta fi masa riba, wannan kuwa kasuwa ce. Amma kai da za ka rufe mangaza da magariba ka bar dukiyarka ka tafi gida, tambayarka ɗaya ce: in abu ya faru ƙarfe uku na dare, kuran ya ɗauke, rezo ya tafi, da safe za ka buɗe na'ura ka ga fuskar mutum ko ba za ka gani ba?

Garinmu ba ya sassauta wa na'ura. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin kwanon rumfa a Kasuwar Dole. Hunturu ya zo, ƙura ta shiga kowace kafa. Wutar yankinmu kuma mafi yawanta daga Najeriya take shigowa ta layin Katsina, kuma babu ɗan kasuwar da ya manta yadda aka kasance bayan an tsinke ta a watan Agustan 2023. Kyamarar da aka ƙera don falo mai sanyi da intanet da ba ya yankewa, ba don mu aka yi ta ba.

Mai siffar ƙwan fitila ba zan ɓata maka lokaci a kanta ba. Ana ɗauke wuta ta mutu, ɓarawo kuma ya kwance ta ya sa a aljihu har da katin da ya ɗauki hotonsa. Ƙananan wifi na kamfanonin kirki irin su Ezviz da Imou da Tapo sun fi ta nesa, amma aikinsu duba yara ne a tsakar gida. Mai hasken rana da sim tana da wurinta: garka, filin gini, garken dabbobi a bayan gari, inda babu wuta sam. Sai dai yawancinsu barci suke yi don adana batir, sai sun ji motsi su farka, kafin nan mutum ya ba su baya, ga cin forfe. NVR kuwa ina girmama ta, hotonta ya fi na kowa kyau, waya ɗaya ce ke kai wuta da hoto tare. Amma ta fi tsada, wutar da take tura wa kyamarori bolt 48 ce, don haka dole ka haɗa ta da na'urar juya wutar batir, kuma wayarta ba ta wuce mita 100 sai da ƙari a tsakani. Mai babban otel ko gidan mai ya saya.

Ni dai ga mai shago, mai mangaza, mai sayar da magani ko kayan gini, babu kamar DVR da kyamarorin waya. Manyan masu ƙera su biyu ne, Hikvision da Dahua, dukansu na birnin Hangzhou a ƙasar Sin, dukansu an kafa su a 2001. Na farkon yana kiran tsarinsa Turbo HD, na biyun HDCVI, kuma akwatunan yanzu galibi suna karɓar kyamarar juna.

Babban abin da ya sa na tsaya a kanta shi ne wuta. Ƙaramin akwatin DVR mai ramuka huɗu ko takwas da kyamarorinsa duka da bolt 12 suke aiki, wato daidai da batirin hasken ranar da da yawanmu muka riga muka ajiye a shago don fitila da fanka. Ka yi lissafi da kanka. Kyamara ɗaya tana jan wajen wat 5 da dare, akwatin da faifansa na ajiyar hoto wajen wat 15 zuwa 20, jimillar kyamarori huɗu ba ta cika wuce wat 40 ba. Batir mai amfa 100 yana riƙe wat 1200 na awa ɗaya, in ka yi amfani da rabinsa kawai don kada ya lalace, 600 ke nan. Ka raba da 40, ka samu awa 15. Daga rufe shago har buɗewa ke nan, ko kuran bai leƙo ba. Abu ɗaya za ka kula: lokacin caji wutar batir tana haura bolt 14, don haka mai haɗawa ya sa ɗan akwatin daidaita wuta a tsakani, kada ya jona kai tsaye.

Sannan ba ta jiran intanet. Hoto yana bin waya ya sauka a faifai, ko da rezo ko babu. In kana son leƙa shagonka ta salula kana Zango ko kana kan hanyar Kano, sai ka haɗa mata ƙaramin wifi mai sim ɗin Airtel ko Moov ko Zamani, duk wanda ya fi kamawa a unguwarku. Ranar da forfe ya ƙare, kallon nesa kaɗai ka rasa, ɗauka tana nan tana ci. Ga shi kuma in kyamara ɗaya ta mutu ka sayi ɗaya ka maye, yaran da suka iya haɗa tauraron talabijin ma suna iya gane wayarta.

Girman faifai shi ma lissafi ne, kada a yi maka kintace. Kyamara mai megafiksel 2, wato 1920 sau 1080, in tana ɗauka a kan megabit 2 a daƙiƙa, tana cin kusan giga 22 a yini da dare. Huɗu sun ci giga 86. Faifai mai tera 1 zai riƙe maka kwana 11, mai tera 2 kwana 23, daga nan ya fara share na farko. Satar yaran shago kuwa ba a gano ta sai ranar lissafi, don haka ina ganin tera 2 shi ne mafi ƙanƙanta. Ka nemi akwatin da aka rubuta wa H.265, yana matse hoto kusan rabin abin da tsohon H.264 ke ci.

Wajen kyamarar kanta, ka guji mai murfin gilashin nan kamar ƙwarya a kife. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan gilashin, da dare hasken kyamarar ya doke ta ya dawo, hoto ya zama fari fat. Ka ɗauki wadda idonta ke waje, mai lambar IP66 ko IP67, wadda ƙura da ruwan Agusta ba sa shiga. Ido mai milimita 2.8 yana kwashe faɗin shago duka, amma fuska takan fito ƙanƙanuwa. Saboda haka a bakin ƙofa da kan akwatin kuɗi ka sa mai milimita 4 ko 6, kuma a sauko da ita kusa da tsayin mutum. Masu haɗawa suna son kafa ta can saman bango, sai ka tashi da hoton hula da rawani. Ta ƙofa kuma ta kasance mai WDR, in ba haka ba hasken ranar waje zai mayar da duk mai shigowa baƙar inuwa. In aljihu ya kai, akwai masu ba da launi har da dare, ColorVu na Hikvision da Full-color na Dahua; sanin launin riga da na babur yana taimaka wa 'yan sanda ƙwarai.

Akwatin kuma kada ka ajiye shi kan kanta kusa da talabijin, domin shi ɓarawon da ya san aikinsa ke fara ɗauka. Ka ɓoye shi a wuri mai kulle amma mai shan iska. Yawancinsu ba a ƙera su don zafin da ya wuce digiri 45 zuwa 55 ba, kuma cikin silin ƙarƙashin kwano yana iya kai haka.

Yanzu mu zo inda cuta take, domin mai sayen DVR na gaskiya da wanda aka cuta, kwalinsu iri ɗaya ne.

Ni faifai ne ya ƙone ni. An fasa mini mangaza, muka taru da maƙwabta da safe za mu duba, sai ga shi akwatin ya daɗe da daina ɗauka. Allo yana nuna hoto kullum, kowa ya shigo ya ga kansa, ashe babu abin da ke sauka. Da aka kwance, tsohon faifan kwamfuta ne da aka manna wa sabuwar takarda, kuma kuɗin sabo aka karɓa a hannuna. Faifan kwamfuta ba a yi shi don ya yi rubutu dare da rana ba hutu ba. Na kyamara daban ne: WD Purple, ko Seagate SkyHawk. Kada ka yarda a kawo maka akwati an riga an ɗaure faifai a ciki. A farke ledarsa a gabanka. Bayan an kunna, ka sa mai haɗawa ya shiga wurin da aka rubuta S.M.A.R.T., nan ne na'ura ke nuna tsawon lokacin da faifan ya taɓa yi yana aiki. Sabo ba ya nuna dubban awanni. Ƙwararrun 'yan damfara suna iya share wannan lissafin, don haka ka ɗauki lambar jikin faifan ka duba ta a shafin garanti na kamfanin. Dukansu biyu suna da shi. Sannan a kunna maka ƙarar gargaɗi, wadda akwatin ke yi in faifai ya tsaya. Masu haɗawa da yawa suna kashe ta don kada a riƙa kiransu.

Katin ajiya na ƙananan kyamarori ma haka. A rubuta giga 128 a jiki, cikinsa 8 ne ko 16, in ya cika ya riƙa taka na baya yana nuna maka sunayen hotunan da ba sa buɗewa. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna H2testw da ke tona asirin irin wannan.

Sai waya. Ana sayar da alminiyam ko ƙarfe da aka shafa wa jan ƙarfe a baya, a ce maka tsantsa ne. Ka kankare bakin da wuƙa, in ciki ya yi fari ka mayar. Ka kuma kanga maganaɗisu, jan ƙarfen gaskiya ba ya kamawa. Illar irin wannan waya da dare take fitowa: kyamara ta kunna fitilun ganin duhu, ta ƙara jan wuta, wayar ta kasa kai mata, sai ta riƙa mutuwa tana tashi daidai lokacin da ka saye ta dominsa. Da rana mai haɗawa ya zo ya nuna maka komai lafiya.

Akwai wata dabara da ba ƙarya ba ce kai tsaye, amma ana fakewa da ita. In ka ga kalmar Lite a jikin kwali, kamar 1080p Lite, ma'anarta akwatin yana ajiye rabin faɗin hoton ne, 960 maimakon 1920. A allo ka ga hoto garau, a abin da aka ajiye ka ga dishi-dishi. Banza ne ka sayi kyamara mai megafiksel 5 ka jona ta da akwatin da ba ya iya ajiye su. Su kuma marasa sunan da ake bugawa 4K ko megafiksel 8 a jiki alhali kuɗinsu bai kai na buhun shinkafa ba, araha ba ta ado. Har tambarin manyan kamfanonin ana bugawa a kan kayan da ba nasu ba. Gwajin mai sauƙi ne: akwatin Hikvision na gaskiya yana shiga manhajar Hik-Connect da lambarsa, na Dahua yana shiga DMSS. In aka ce ka sauke wata manhaja daban, ka ajiye kuɗinka.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne lambar sirri. Mai haɗawa ya buɗe asusun manhajar kallon da lambar salularsa, ya sa lambar sirrin da shi kaɗai ya sani, ya tafi. Daga ranar yana kallon akwatin kuɗinka daga ɗakinsa, ya san lokacin da kake ƙirga ciniki da inda kake ajiyewa. Ko mutumin kirki ne, na'urar asusu ɗaya take ɗaurewa da shi, ranar da kuka saɓa ko ya bar gari sai ka sha wuya kafin ka kwance ta. Ka karɓi salularka ka buɗe asusun da lambarka, ka buga lambar sirri da hannunka ya juya baya. Kada a bar wadda ta zo daga masana'anta. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da akwatunan DVR a duniya ta wannan kafar kaɗai.

Ka kuma kula da inda ido ke kallo. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Kada kyamararka ta leƙa tsakar gidan maƙwabci, ka kuma gaya wa yaran shago an sa. In an yi sata, komisariya za ka kai hoton kafin WhatsApp, domin hoton dare yana kama da mutane da yawa, kuma an san abin da taron jama'a ke yi wa wanda aka nuna da yatsa.

Kada ka cika kuɗin aiki ranar da aka haɗa. Ka riƙe wani abu sai an kwana. Bayan isha'i ka kashe kuran da kanka, ka sa yaronka ya shiga ta ƙofa ya fita. Da safe mai haɗawa ya tsaya gefe, kai ka nemo wannan lokacin da hannunka, ka kwafe shi a USB, ka buɗe a wata na'urar ka ga ko ana gane fuskar. Ka duba kwanan wata da agogon da ke saman hoton sun yi daidai da na salularka. In bayan ɗaukewar wuta agogon ya koma wata shekara can baya, ɗan batirin agogon nan da ke cikin akwatin ne ya mutu, a sauya shi nan take kafin ka sa hannu a takardar garanti.