Sharhi kan gidan wasan Six Flags Great Adventure: yadda aka rufe Kingda Ka aka rushe shi

Da safiyar 28 ga Fabrairun 2025, kafin ƙarfe bakwai, aka tayar da nakiya a gindin hasumiyar Kingda Ka, jirgin lilo mai gudu a kan dogo da ke gidan wasan Six Flags Great Adventure, a garin Jackson na jihar New Jersey a Amurka. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ƙarfe mai tsayin mita 139 ya kwanta a ƙasa. Tun daga 2005 har ranar da aka rufe shi, babu jirgin lilo a duniya da ya kai shi tsayi. Hukuncinmu a kan gidan ya rabu biyu. Ta fuskar inji, cire shi yana da hujja mai ƙarfi. Ta fuskar mu'amala da abokan ciniki kuwa, gidan bai kyauta ba.

Sai an san yadda injin yake kafin a gane hujjar. Kamfanin Intamin ne ya ƙera shi a kan kuɗi dala miliyan 25. Tsawon dogonsa mita 950, kowane jirgi na ɗaukar mutum 18. Ba irin jirgin da sarƙa ke ja a hankali zuwa sama ba ne, harba shi ake yi. Daga tsaye cak yakan kai gudun kilomita 206 a awa cikin daƙiƙa uku da rabi, ya miƙe sama kamar an jingina tsani da bango, ya leƙa ƙolin hasumiya, ya gangaro mita 127 yana murɗawa, ya haye wani tudu mai mita 39, birki ya kama shi. Duka-duka tafiyar ba ta kai rabin minti ba.

Ƙarfin harbin daga man haidirolik yake fitowa. Manyan famfuna ke tura man cikin wasu tankokin ƙarfe da aka raba ciki biyu, ɓangare ɗaya mai, ɗayan iskar naitirojin. Mai na shiga, iskar na matsuwa, ƙarfi na taruwa. Idan lokacin harbi ya yi sai bawul su buɗe, man ya kwararo cikin jerin injinan da ke kewaye da wata ƙatuwar ganga, ganga ta juya ta naɗe igiyar ƙarfe. Igiyar tana ɗaure da wani ɗan keken ƙarfe da ke gudu cikin kwatami a tsakiyar dogo, shi ke saƙale jirgin ta ƙasa ya fizge shi, ya sake shi a ƙarshen layi. A ƙololuwar aikinsa injin yana ba da ƙarfin doki 20,800. A kan layin harbin akwai faifan birki na maganaɗisu da ke sunkuyawa kafin jirgi ya wuce, su miƙe da zarar ya wuce. Amfaninsu shi ne idan gudu ya gaza jirgin bai haye ƙoli ba, ya dawo da baya, su tare shi. Hakan yakan faru, musamman da sanyin safiya ko in iska na kaɗawa, kuma an tsara injin da sanin zai faru.

To, a nan matsalar take. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sassa gogayya yake yi da wani. Igiya na cin ganga, keke na cin shimfiɗar kwatami, mai na ɗaukar zafi yana buƙatar sanyaya da tacewa, robobin da ke hana yoyo na sakin jiki, tiyo na gajiya saboda matsi. Igiyar kuwa dole a riƙa bin ta ana duba zaren da ya tsinke, a sauya ta tun ba ta nuna gajiya ba. Ga ɗimbin na'urorin lura a kan dogo da birki, waɗanda idan ɗaya ta ba da amsar da ba ta dace ba kwamfuta za ta hana harbi gaba ɗaya. Wannan tsari ne mai kyau don kare rai, amma ga wanda ya shafe awa a layi, ma'anarsa a ce masa ya jira. Ko yayyafi aka fara sai a tsayar, domin ɗigon ruwa a irin wannan gudu kamar tsakuwa yake a fuska.

Tarihin injin ya nuna haka tun farko. An buɗe shi a Mayun 2005, a watan Yuni wani noti ya karye a cikin kwatamin igiya, shimfiɗar ta ɓalle, igiyar da faifan birki suka lalace, ba a sake buɗewa ba sai Agusta. A 2009 tsawa ta faɗa masa, ya sake yin watanni a rufe. 'Yan'uwansa ma ba su tsira ba. A 2004 igiyar Top Thrill Dragster na gidan Cedar Point a jihar Ohio ta zare, ɓurɓushin ƙarfe ya ji wa fasinjoji rauni. A 2009 igiyar Xcelerator na gidan Knott's Berry Farm a Kalifoniya ta tsinke ana cikin harbi. Shi ya sa masu ƙera sababbin jirage suka koma ga harbi da maganaɗisun lantarki, inda babu igiya, babu ganga, babu abin da ke taɓa wani.

Ana iya tambaya, me ya hana a sauya masa inji a bar hasumiyar? An gwada wannan a Cedar Point. Bayan hatsarin Agustan 2021, lokacin da wani ƙarfe ya ɓalle daga jirgin Dragster ya bugi wata mata da ke kan layi, an ba kamfanin Zamperla aikin mayar da shi na maganaɗisu. Sai dai maganaɗisu yana buƙatar fili mai tsawo kafin ya kai wannan gudu, don haka aka gina wata sabuwar hasumiya a baya, jirgi ya riƙa gaba da baya sau uku yana tara gudu. An buɗe shi da sunan Top Thrill 2 a Mayun 2024, bayan kusan mako guda aka rufe saboda matsalar sababbin jiragen, bai dawo ba sai 2025. Kamfanonin Six Flags da Cedar Fair, mai gidan Cedar Point, sun haɗe a Yulin 2024, wato masu yanke hukunci kan Kingda Ka su ne ke riƙe da wancan ciwon kai a hannu. Duk mai lissafi zai fahimci dalilin da ya sa ba su so maimaitawa ba.

Abin da ba shi da hujja shi ne yadda aka yi rufewar. Ranar 10 ga Nuwamban 2024 jirgin ya yi tafiyarsa ta ƙarshe ba tare da gidan ya ce uffan ba. Raɗe-raɗi ne kawai ya kai wasu wurin. Sanarwa ba ta fito ba sai 14 ga wata, bayan an riga an kulle. Gidan da kansa ya ce an hau jirgin fiye da sau miliyan 12. Mutanen da suka kawo wannan ciniki sun cancanci a ce musu ga ranar ƙarshe, wanda ke so ya zo. Gidajen wasa da dama na yin haka, sukan ba da sanarwar makonni, wani lokaci su yanka dogon su sayar wa masoya gutsuren. Mafi muni, a daidai wannan lokaci na shekara ake sayar da tikitin shekara mai zuwa, kuma akwai wanda hasumiyar ce ta sa ya biya. Sayar wa mutum shiga gida alhali an san za a cire babban abin da ke cikinsa, ba tare da an faɗa masa ba, tauye haƙƙi ne ko da doka ba ta hana ba.

Aikin rushewar shi ne ɓangaren da aka yi da tsari. Irin wannan aiki da kashe wuta ake fara shi, a kulle makunnai. Sai a sauke matsin naitirojin a hankali, domin tankin da ke ɗauke da matsi yana iya kashe mai yanka ko da famfo a kashe yake. A tsiyaye man cikin durom-durom, kada ya malala ƙasa. A ɗauke jirage, a kwance injina da na'urorin da za su yi amfani a matsayin safaya. Daga nan a shiga yanka dogon da ke kusa da ƙasa da wutar gas ko almakashin katafila, kuma haka aka yi a nan: layin harbi da ƙaramin tudun sun riga hasumiyar tafiya. Hasumiya mai mita 139 kuwa, kwance ta gaɓa-gaɓa yana nufin ma'aikata su yi makonni a sama cikin hunturu da iska, ga kuɗin hayar babban kiren. Kayar da ita ya fi sauƙi, ya fi aminci. Ana rage ƙarfin wasu ƙafafun da yanka, a ɗaura nakiya a inda aka auna, a tayar da su bi da bi yadda nauyin zai rinjaya ɓangaren da babu kowa. Abin da ya faɗi ya zama kayan narkarwa. Ko a nan an sami ƙorafi, domin an sanar wa jama'a tsakanin ƙarfe tara da goma, aka tayar tun kafin bakwai.

Ba Kingda Ka kaɗai ya tafi ba. Zumanjaro, lilon da aka manna a jikin hasumiyar a 2014 yana sako mutane daga mita 126, dole ya bi ta. An cire Green Lantern, wanda ake hawa a tsaye, da Twister, da hasumiyar laima. Green Lantern ya taɓa ƙaura sau ɗaya, daga Kentucky Kingdom inda aka buɗe shi a 1997, amma a wannan karon yanka shi aka yi. Ƙaura tana yiwuwa ne idan akwai mai saye, kuma kuɗin kwance noti, jigila, sabon harsashin kankare da gwajin tsagewar ƙarfe bai kai na sabo ba.

Rashin da ya fi taɓa iyali shi ne na Skyway, kekunan da ke rataye a igiya suna tsallaka gidan daga wannan gefe zuwa wancan. Kayansa sun samo asali daga baje kolin duniya na New York na 1964, kuma yana wurin tun buɗe gidan a 1974. Kaka da jika kan hau shi tare, kuma yana rage wa mai ciwon ƙafa tafiya a gida mai faɗi. Babu abin da aka kawo a madadinsa.

Wanda zai je yanzu ba zai rasa abin hawa ba. Nitro na 2001 yana nan da santsinsa, ga El Toro na katako, ga Jersey Devil mai dogo ɗaya, ga The Flash da aka buɗe a 2025, ga kuma dajin namun daji da ke gefe. An yi alkawarin sabon jirgin harbi a filin Kingda Ka a 2026, daga baya gidan ya ɗage lokacin. Mai shirin sayen tikitin shekara ya duba jerin abubuwan da ke aiki a ranar da zai biya, ya lissafa kuɗinsa a kansu kaɗai.