Tudun Aburi ko dajin Shai: ina mai keke daga Adenta zai huta da mota?

Salamu alaikum Malam. Na ga tambayarka: ka tare a Adenta da ke gefen Accra a Ghana, ka sayi keken gwanjo mai faffaɗar taya saboda likita ya ce ka riƙa motsa jiki, amma ranar farko da ka hau titin unguwar Madina saura ƙiris trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ta tura ka kwata. Yanzu kana neman hanyar burji inda babu mota, wasu sun ce maka Aburi, wasu sun ce Shai Hills. Duka biyun na taka su da ƙafafun kekena, to ga abin da na gani.

Tsoron da kake wa wannan titi ba ragwanci ba ne. Duk wanda ke nan a Nuwambar 2018 ya tuna ranar da mutanen Adenta suka tare hanya suka ƙona tayoyi saboda yawan waɗanda mota ke bugewa, kafin a ƙarasa gadojin ƙafa. Titin da mai tafiya a ƙasa bai tsira ba, ina ga mai keke. Saboda haka duk inda ka zaɓa, shawarata ta farko ɗaya ce: kada ka tuƙa keken daga ƙofar gida zuwa can. Cire tayar gaba, sa shi a but ɗin tasi, ko ku haɗu ku uku ku ɗauki mota guda.

Idan maganar rashin mota ce tsagwaronta, Shai ta yi wa Aburi fintinkau. Gandun daji ne mai shinge da ƙofa, a ƙarƙashin hukumar gandun daji ta Ghana, girmansa murabba'in kilomita 51, yana bakin hanyar Tema zuwa Akosombo kusa da Doryumu, kimanin kilomita 50 daga tsakiyar Accra. Da ka shige ƙofa an gama da okada, an gama da aboboya (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya), an gama da tifa. Abin da za ka haɗu da shi sai motar 'yan yawon buɗe ido jefi-jefi, ita ma a hankali take tafiya don masu ita dabbobi suke kallo. Hanyar jar ƙasa ce da tsakuwa, galibinta shimfiɗe, tana zagaya gindin duwatsu cikin ciyawa da itatuwa tsilli-tsilli. Wanda ya taso a arewa, Tamale ko Bawku, zai ji kamar an mayar da shi gida. Za ka ga mariya, wadda yara ke kira barewa, ta ɗaga kai ta dube ka ta ci gaba da kiwonta. Akwai jakin dawa da jimina ma, amma su kawo su aka yi aka killace kusa da ƙofa.

Sai gwaggon biri, su ne masu unguwa. Tun daga bakin titi za su tarye ka. Ni dai na taɓa jingine keke a wata bishiya don in ɗaure takalmi, ledar burodi na rataye a kan keken. Ban gama ɗaurin ba wani ƙato ya sauko, ya zare ledar kamar shi ya ba ni ajiya, ya koma kan dutse ya zauna yana ɓarewa yana kallona. Abokan tafiyata har yau ba su bar ni na huta ba. Abinci a cikin jaka mai zip, jakar kuma a bayanka.

Amma Shai tana da tata. Akwai kuɗin shiga, kuma wuri ne mai doka: ma'aikatan ƙofa su ne za su faɗa maka inda za ka bi da keke da inda sai da ɗan rakiya, to ka fara da su kafin ka sauke keke daga mota. Ba wurin da za ka je kowace safiya ba ne, tafiya ce ta yini. Inuwa kuma babu. Ƙarfe tara ta yi, rana ta fara dukan ƙeya, kuma ba mai piya wata da za ka tsayar a ciki. Gora biyu ita ce mafi ƙaranci. Ga ƙaya. Wanda ya shiga ba tib na ajiya, ba famfo, ba kayan faci, ya shirya turin keke mai nisa. Sannan kada daɗin cikin gandun ya yaudare ka ka ce bari in ƙarasa a waje: yankin cike yake da wuraren fasa dutse, tifofin da ke kai wa Accra tsakuwar gini ta nan suke fitowa.

Idan ƙafa ta gaji da feda, ka ajiye keken ka hau duwatsun. Mutanen Shai a kan duwatsun nan suka zauna har 1892 da Turawan Ingila suka sauko da su da ƙarfi, kuma kogunan da suka fake a ciki suna nan, ɗaya ma jemagu sun gaje shi.

Aburi kuwa wata duniya ce. Ta fi maka kusa nesa ba kusa ba: daga Adenta ka wuce Pantang, ka isa Ayi Mensah, sai hawa. Wannan hawan na kwalta, daga inda tsohuwar rumfar karɓar kuɗin hanya take zuwa Peduase, shi ne wanda kake gani cike da masu tattaki da safiyar Asabar. Ba shi nake nufi ba. Mota na bin sa a guje, ga kwana-kwana, wani lokaci har duwatsu na gangarowa daga sama. A kai ka sama da mota, ka sauka wajen lambun Aburi, wanda aka buɗe tun 1890, daga nan ne hanyoyin gona ke ɓallewa su gangara bayan gari.

Waɗannan hanyoyi su ne daɗin wurin, kuma su ne wahalarsa. Kana cikin inuwar koko da ayaba da kwakwar manja, iska mai sanyi irin wadda Madina ba ta taɓa gani ba, da sassafe har hazo na kwanciya a kan tudu. Sai dai babu shimfiɗaɗɗen wuri ko na awa guda. Duk gangarar da ka ji daɗinta bashi ce, za ka biya a dawowa. Ruwan sama ya zaizaye hanyoyin ya bar ramuka a tsaye, marmara ta fito tana gargada, tsakuwar kan gangara kuma tana zamewa ƙarƙashin taya kamar an zuba wake a siminti. A nan ne mutum ke sanin ko birkinsa na gaskiya ne. Keken gwanjo da yawa robar birkinsu ta bushe tun a jirgin ruwa, to ka kai wa mai gyara ya canza ta, ya duba giya da kaca, kafin ka doshi tudu. Hular kwano ba ado ba ce a can.

Kuma ba zan ce maka babu abin hawa ba. Mota ba ta cika shiga ba, amma hanyar gona hanyar mutane ce: aboboya ɗauke da rogo, okada da ke fitowa daga kwana ba hon, tsohuwa da itace a ka, yara, awaki, kare. Ka koyi kalma biyu. Idan ka taho bayan mutum ka ce "agoo", wato gafara, tun daga nesa, idan safiya ce ka ƙara da "maakye", wato ina kwana. Mutanen Akuapem, wato 'yan yankin Aburi, suna da son gaisuwa, kuma ranar da ka ɓata hanya, wanda ka gaisar ɗazu shi zai nuna maka. Ɓata kuwa za ka yi, domin hanyoyin suna rassa babu allo. Zuwan farko ka bi wanda ya san wurin.

Lokacin shekara ma yana sauya hukuncin. Daga Afrilu zuwa Yuli, musamman Yuni, tudun Aburi santsi ne zalla, ni ba na zuwa sai an kwana biyu ba ruwa. A filin wajen Shai kuwa matsalar laka ce. Akwai wata baƙar laka a wannan yanki, ta wajen Afienya har zuwa Akuse, wadda idan ta jiƙe take manne wa taya tana taruwa har ta toshe tsakanin taya da ƙarfe. Sau ɗaya ta kama ni, na ƙare da tsinke ina ƙwaƙular ta, keken ya yi nauyin buhun masara. Amma a ƙarshen damina, da ciyawa ta yi kore shar, Shai ba ta da na biyu. Da hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, duka biyun sun bushe sun yi daɗin taya, sai dai ƙura, kuma a nan inuwar Aburi ta fi.

To kai da likita ya aiko, kuma ka daɗe rabonka da sirdi, Shai za ka fara. Gwiwa da numfashi suna bukatar fili kafin tudu, kuma hankalinka zai kwanta tunda ba ka waige-waigen mota. Ka je sau biyu ko uku, idan ka ga kana zagayawa ba ka sauka ka tura ba, sai ka gwada Aburi. Wanda ya fara da Aburi ba shiri, yawanci keken ne ke komawa bayan ɗaki ya yi tsatsa.

Na tsakiyar mako kuma, tunda ba kullum za ka ɗauki tasi ba, ka leƙa jajayen hanyoyin da ke gindin tudu ta wajen Oyarifa da Abokobi. Gine-gine na cinye su, hanyar da ka bi bara ka tarar bana an ja katanga, kuma idan ka ga fili da samari zaune suna gadi, ka gaishe su ka wuce, kada ka tsaya ɗaukar hoto. Amma daga sallamar asuba zuwa bakwai, kafin tifofin yashi su fito, za ka samu awa guda mai kyau. Mu ma Lahadi muke fita. Ka zo da tib daidai da lambar da ke jikin tayarka, famfo akwai a wurina.