Wuƙa a aljihu, filaya a jaka: abin da na gani bayan wata 18

Duk wanda ya ga na zaro wuƙa daga aljihu, can kuma ya hango filayar aljihu a jakata, tambayarsa ɗaya ce: ba ga wuƙa nan a jikin filayar ba, ta biyun ta mece ce? Ba na ganin laifinsa, don ni ma da haka nake ɗauka. Yanzu wata 18 ke nan ina yawo da wuƙar Opinel mai lamba 8 da Leatherman Wave+, filaya mai ninkewa mai wuƙa da sauran kayan aiki a jikinta, tare, kuma na gamsu cewa aikinsu ba ɗaya ba ne. Ɗaya ta yanka ce. Ɗayar ta riƙo ce da murɗa da cizon waya.

Aikina ba ya rabuwa da kwalaye, igiya, wayar lantarki da 'yan gyare-gyaren da ba su kai a ɗauko akwatin kayan aiki ba. Shekara da shekaru wuƙa kaɗai nake ɗauka, har ranar da na sa tsininta a kan wani sukuru na murɗa, tsinin ya ɓalle. Abin ya yi mini ciwo, domin wuƙar ta daɗe a hannuna. Daga nan na sayi wata filaya mai ninkewa marar suna. Ba ta yi wata biyu ba bakinta ya karkace a kan noti, gefen ƙotarta kuma yana nutsewa a tafin hannu duk lokacin da na matsa da ƙarfi. Ita ta koya mini abin da zan duba kafin in sake saye: bakin ya haɗu daidai har tsini, ƙota ta zama mai lanƙwasa inda hannu ke kamawa, kuma kowane ƙarfe ya kulle in an buɗe shi.

Labarin yadda aka ƙirƙiro irin wannan filaya ya yi daidai da abin da ya same ni. A 1975 Tim Leatherman yana zagaya Turai da matarsa a wata tsohuwar mota ƙirar Fiat mai yawan lalacewa. Wuƙar aljihu yake da ita, filaya kuma yake buƙata. Ya koma gida Portland a Amurka ya shafe shekaru yana gwaji, sai a 1983 samfurin farko ya shiga kasuwa. Wave ta fito a 1998, ita kuwa Wave+ a 2018, da haƙoran yanke waya da ake iya kwancewa a sauya in sun dakushe. Wato tun asali filaya ce uwar gida a cikin abin, sauran duk zaman haya suke yi. In mutum ya riƙe wannan a ransa, zai san abin da zai nema a wurinta da abin da zai nema a wani wuri.

A wannan fannin ba ta ba ni kunya ba. Na ciro ƙusar da kanta ya karye a katako, na miƙar da zif ɗin jaka da ya buɗe baki, na yanke waya na fere mata roba, na riƙe ƙarfe mai zafi da ba zan taɓa da yatsa ba. Magagarin da ke jikinta, ɓangare ɗaya na itace da ƙarfe, ɗayan mai ƙurar lu'ulu'u, ya fi yi mini amfani fiye da yadda na zata, musamman wajen goge kaifin ƙarfen da aka yanke ya bar gefe mai yankan hannu. Kamfanin ya ƙirga mata kayan aiki 18. Waɗanda nake taɓawa kowane mako ba su wuce shida ba, kuma ban ɗauki hakan asara ba, don zarton da ya yi wata uku a kwance ranar da na buƙace shi babu abin da zai maye gurbinsa.

To, me ya sa ba ta isa ba? Nauyi da fasalin ƙota. Wave+ giram 241 ce. Kowace filayar aljihu mai cikakken girma haka take: ruwan wuƙarta yana zaune a gefe guda na ƙota mai kauri mai kusurwoyi, saboda sai an bar wa sauran kayan wuri. Yanka ɗaya ko biyu ba komai. Amma a ce mutum zai farke kwali ashirin a jere, ko ya fere itace na minti goma, nan hannu ke fara neman ƙotar da aka yi don yanka kaɗai.

Nan Opinel ta shigo. Joseph Opinel ya fara ƙera ta a 1890 a yankin Savoie na Faransa, kuma fasalinta bai canza sosai ba tun lokacin: ƙotar itace mai zagaye, ruwan wuƙa siriri, sai zoben ƙarfe da aka ƙara a 1955 wanda ake murɗawa ya kulle ta. Mai lamba 8 tsawon ruwanta santimita 8.5 ne, nauyinta kuma bai kai giram 50 ba, har nakan manta tana aljihu. Sirantar nan ita ce sirrinta. Wuƙa mai kauri tana buɗa abu ne kamar gatari, siririya kuwa ratsawa take yi, ko da kaifinsu ɗaya. Na ga bambancin a kwali mai ninki biyu: ita zamewa take yi ba tare da na dafa da ƙarfi ba. Iri biyu ake yi, mai baƙin ƙarfe da mai ƙarfen da ba ya tsatsa. Na farkon ya fi saurin ɗaukar kaifi amma yana son a goge shi a shafa mai, in ba haka ba ya yi tabo. Na zaɓi na biyun, ƙarfen Sandvik 12C27 na Suwidin, domin gumi da danshin aljihu ba sa ɗaga wa ƙarfe ƙafa.

Wanda zai saye ta ya san abu biyu. Da hannu biyu ake buɗe ta, ba kamar wuƙaƙen Wave+ da babban yatsa ke turowa daga waje ba. Sannan itace itace ne, in ya sha ruwa yana kumbura ya riƙe ruwan wuƙar. Masu ita sun daɗe da sanin dabarar: a buga ƙarshen ƙotar a kan tebur, tsinin ya ɗago. Ni dai ba na tsoma ta a ruwa, da tsumma mai danshi nake goge ta.

Rabon aikin da na yi musu ya fi komai yi mini daɗi. Opinel ba ta taɓa abin da zai ɓata ta, aikinta kawai takarda, kwali, zare, 'ya'yan itace. Duk ƙazamin aiki, irin kankare gam, yanke robar da ta sha mai, ko yanka kusa da ƙarfe da siminti, na wuƙar filaya ne. Igiya mai kauri da ɗamarar ɗaure kaya kuma na bar wa wuƙar filayar ta biyu, mai haƙoran zarto, wadda ke cin su nan take. Saboda haka kullum ina da kaifi ɗaya mai tsabta da na san ba zai ba ni kunya ba, ga kuma wani da ba na jin tausayinsa. Ƙarfen 420HC da ke jikin filayar ba ya wahalar wasawa, 'yan shafe-shafe a kan dutse ya dawo.

Akwai wurin da wannan haɗin ya gaza, kuma ba zan ɓoye ba. In sukuru yana da noti a bayansa, sai an riƙe notin da filaya a murɗa kan da sukudireba lokaci guda. Filayar da sukudireban kuwa jiki ɗaya suke, ba za su yi aiki tare ba, wuƙar yanka kuma ba ta da abin da za ta taimaka da shi. Wannan ya sa na ajiye Opinel wata uku na gwada Victorinox Super Tinker, wuƙar aljihu mai ƙananan kayan aiki a jikinta, a madadinta. Kamfanin Karl Elsener ne, wanda ya fara a Ibach ta ƙasar Switzalan a 1884, kuma ingancin aikinsu ba abin musu ba ne. Tsawonta milimita 91, tana da sukudireba mai kan giciye a bayanta, ga almakashi mai kyan gaske, ga ɗan hantsakin da ya cire mini sartse fiye da sau ɗaya. Matsalar noti da sukuru ta kau. Sai dai da na zauna na duba abin da nake ɗauke da shi, sai na ga almakashi biyu, mabuɗin gwangwani biyu, mabuɗin kwalba biyu, wuƙaƙe huɗu. Maimaici ya yi yawa, ga shi kuma na rasa ƙotar da ke cika hannu. Na koma wa Opinel, na jefa ƙaramin sukudireba guda a jaka. Ga wanda yankansa kaɗan ne amma kwance-kwance da ɗaure-ɗaurensa da yawa, haɗin Victorinox da filaya zai fi dacewa da shi fiye da nawa.

Wurin ajiye su ma sai da na yi ta gwaji. Wuƙa tana aljihun dama ita kaɗai, ba makullai ba tsabar kuɗi, don kada datti ya shiga mahaɗarta. Filaya kuwa ba ta aljihun wando ba ce. Ranar aiki tana cikin kubenta a bel, sauran ranaku tana aljihun gefen jaka inda hannu zai kai ba tare da lalube ba.

Batun doka kada a yi wasa da shi, don kowace ƙasa da nata. A Ingila, dokar 1988 ta yarda a riƙe wuƙa mai ninkewa ba tare da wani dalili ba in ruwanta bai wuce inci 3 ba, wato santimita 7.62, kuma ba ta kulle. Opinel mai lamba 8 ta wuce tsawon, ga kulle, wuƙaƙen Wave+ su ma suna kulle, don haka a can Super Tinker ce kaɗai cikin ukun za ta shiga aljihu lafiya. A filin jirgin sama duka biyun cikin babbar jakar da ake aunawa nake sa su. Ko inda doka ba ta hana ba, a cikin mutane almakashin filaya nake buɗewa in zare zan yanke, domin ba kowa ne ke sakin jiki in ya ga an buɗe wuƙa kusa da shi ba, kuma yana da hakkin hakan.

Kulawarsu ba ta cin lokaci. Sau ɗaya a wata nakan share ƙurar da ta taru a mahaɗan filayar da tsohon buroshin haƙori, in ɗiga mai kaɗan, in buɗe in rufe har ya ratsa. Opinel kuma duk mako biyu nake ɗan wasa ta, ina kwantar da ruwanta wajen digiri 20 a kowane gefe. Leatherman suna ba da garantin shekara 25, har yau ban sami dalilin neman sa ba. Haƙoran yanke wayar ne kawai suka fara nuna alamar aiki, na kuma riga na sayi na canji na ajiye a jakar, kusa da ƙaramin sukudireban.